Filasko a Tsakar Gida: Yadda Yake Rayuwa da Yadda Ake Renonsa a Ƙasar Sudan

Daga Mai Wurno da Sinnar a bakin kogin Nil Azrak har zuwa unguwannin Hausawa na Wad Madani da Gadarif da Kasala, da wuya a sami dattijuwar da ba ta san filasko ba. Sai dai sanin da yawancin mutane suka yi masa bai wuce na busasshen ganyen da ake jiƙawa a sha idan ciki ya ɗaure ba, kuma ƙalilan ne suka taɓa tsayawa a kansa a ƙarshen damina, lokacin da ya shimfiɗa rassansa a kan tsakuwa ya ɗaga furanni rawaya a wurin da sauran ciyayi suka fara ƙonewa. A ganina tsiro ne da ya cancanci a ba shi gurbi a cikin hoshi, wato tsakar gida, musamman a wannan zamani da ruwa ya yi tsada, kuma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya raba iyalai da yawa da gidajensu na tsawon watanni, babu mai yi wa shuka ban ruwa. Amma mai gwada shuka shi yakan gamu da ɗayan abubuwa biyu: ko dai irin ya ƙi fitowa, ko kuma ya fito ya yi kyau sannan ya mutu a tsakiyar damina. Dalilin duka biyun yana cikin yadda tsiron yake rayuwa a daji, saboda haka daga can ya kamata bayani ya taso.

Masana tsirrai suna kiransa Senna italica, sunan da Philip Miller na Ingila ya rubuta masa a 1768, a tsofaffin littattafai kuma za a same shi da sunan Cassia obovata, Larabawa kuwa ishrik suke ce masa. Asalin mazauninsa shi ne busasshen yankin da ya taso daga Senegal da Muritaniya, ya ratsa ƙasar Hausa da Chadi da Sudan, ya haye Bahar Maliya zuwa ƙasashen Larabawa har arewa maso yammacin Indiya. Dangin wake ne, kuma ba kasafai tsayinsa yake wuce santimita 60 ba, domin ƙarfinsa yana tafiya ne a faɗi. Kowane ganye yana ɗauke da ƙananan ganyaye da suka jeru bibbiyu, daga jeri uku zuwa shida, masu faɗi a kai da tsukakken gindi, launinsu kore mai sirkin toka. Babbar alamarsa ita ce kwanso: falle ne, ya lanƙwashe kamar lauje, kuma a tsakiyarsa akwai jerin 'yan tudu, kowane ɗaya a kan ƙwayar iri guda.

Dole a tsaya a kan wannan alama, domin filasko yana da 'yan uwa uku da ake rikita shi da su a ƙasar nan. Na farko shi ne sanamakki, wato Senna alexandrina, wanda ake gani a shagon mai sayar da magungunan gargajiya a kowace kasuwa, wanda kuma Sudan ta daɗe tana fitar da shi zuwa ƙetare, a da ta hanyar Iskandariya, yanzu ta tashar Fot Sudan. Ambaton sana, wato wannan tsiro, ya zo a littattafan hadisi na Tirmizi da Ibn Majah, kuma Ibnul Ƙayyim ya bayyana shi da tsiron Hijaz wanda mafi kyawunsa shi ne na Makka. Sanamakki yana tsayawa ne a miƙe har ya kai mita guda, ganyensa siriri mai tsini, kwansonsa kusan miƙaƙƙe kuma ba shi da 'yan tudun nan. Na biyu shi ne rai-ɗore, dogo mai wari idan an murza ganyensa, wanda ɗanyen irinsa yake da guba ga mutum da dabba. Na uku, kuma wanda ya fi jawo kuskure, shi ne tafasa, wadda muke yin miya da kwaɗo da ita, mutanen Darfur da Kordofan kuma suke ruɓar da ganyenta su yi kawal. Ganyen tafasa ma mai faɗin kai ne, don haka yarinyar da aka aika tsinko ta tana iya haɗowa da filasko idan suna kusa da juna. Bambancin shi ne tafasa tana tsayawa a miƙe, jerin ganyenta uku ne, kwansonta dogo ne siriri, kuma shekara ɗaya take yi ta mutu. Gidan da ake barin tafasa ta fito don miya ya kamata a ware wa filasko wata kusurwa dabam.

Abin da ya raba filasko da tafasa a tsawon rai yana ƙarƙashin ƙasa. Tun a makonnin farko, kafin ɗan tsiron ya yi ganye huɗu ko biyar, yana aika saiwa ɗaya miƙaƙƙiya zuwa ƙasa, tana neman laimar da ba ta bushewa da wuri. Da tafiya ta yi nisa sai wuyan saiwar ya yi kauri ya zama itace, kuma a nan ne tsiron yake ajiye abincinsa. Idan rani ya tsananta yana iya zubar da ganye, rassan su bushe har mai wucewa ya ɗauka ya mutu, alhali gindin yana nan da ransa yana jiran laima. Da zarar ruwan farko ya jiƙa ƙasa sai sababbin rassa su ɓullo daga gindin nan, su riga duk ciyayin da sai sun fara daga iri. Wannan tsari ne ya sa yake rayuwa a kewayen Khartum, inda ruwan shekara bai kai milimita 200 ba kuma zafin watan Mayu yake haura digiri 40. Kuma tsarin nan dai shi ne rauninsa, domin saiwar da aka halitta don neman ruwa a busasshiyar ƙasa tana buƙatar iska, kuma ba ta jure zama cikin caɓi ko da na 'yan kwanaki.

Yaɗuwarsa iri biyu ce, kuma fahimtar bambancinsu yana kwantar da hankalin mai tsoron kada ya mamaye masa gida. Akwai yaɗuwar rassa, inda gindi ɗaya yake fitar da rassa da yawa su kwanta a ƙasa su zagaye shi, kawunansu a ɗage. Wannan tana da iyaka, domin duk rassan a kan saiwa ɗaya suke, kuma wuƙa tana isa ta tsayar da su. Akwai kuma yaɗuwar iri, inda busasshen kwanso mara nauyi yake karyewa, iska ko ruwan kwari ya ɗauke shi zuwa wani wuri. Tsoron da mutanen Sudan suke yi wa duk wani tsiro mai yaɗuwa yana da tushe, kuma ban ga laifinsu ba. An shigo da miskit, wata bishiya mai ƙaya, ƙasar nan a 1917 da kyakkyawar niyya, an dasa shi don tare rairayi, amma ya bi kashin dabbobin da suke cin kwansonsa ya mamaye gonakin Gash da Tokar da Sabuwar Halfa, har a 1995 gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi. Filasko ba baƙo ba ne, ya taso tare da ƙwarin da suke cin ganyensa da irinsa, ba ya zama bishiya, ba ya da ƙaya, kuma ba ya toshe hanyar ruwa. Duk da haka yana iya zama ciyawa a gonar maƙwabci idan an bar kwansonsa ya watse, kuma za mu dawo kan wannan.

Batun ƙasa shi ne mafi nauyi a wurinmu, saboda inda Allah ya zaunar da yawancin Hausawan Sudan. Wanda yake El Obeid ko wani gari a jigawar Kordofan ba shi da aiki mai yawa, domin rairayin can yana tsiyayar da ruwa da kansa. Amma Jazira da Sinnar da Gadarif suna kan baƙar laka mai nauyi, wadda fiye da rabinta yumɓu ne, tana tsagewa da rani har hannu ya shige, da damina kuma ta kumbura ta rufe ta riƙe ruwa. Wannan riƙon ruwa ne ya sa aka gina madatsar Sinnar a 1925 aka shimfiɗa noman auduga a Jazira, kuma shi ne yake ba dawar Gadarif ƙarfi a yankin da ruwan shekara yake kaiwa kimanin milimita 600. Abin da ya zama albarka ga auduga da dawa shi ne yake kashe filasko a tsakar gida. Duk wanda ya lura da inda yake fitowa da kansa a waɗannan yankuna zai ga yana zaɓen gefen hanya mai ɗan tudu, da bakin kwari inda ruwa ya tara yashi, da gangaren dutse, da tsohon juji da ya zama tsakuwa. Yana iya zama a kan laka idan ruwa yana wucewa, abin da ba ya ɗauka shi ne ruwa ya kwana a gindinsa.

Kuskuren da ake yawan yi a nan yana da kamar hikima a ido: mutum ya haƙa rami a cikin laka, ya cika shi da yashi, ya shuka a ciki. Abin da yake faruwa shi ne bangon ramin ba ya barin ruwa ya fita, yashin kuma yana barin ruwa ya shiga da sauri, sai ramin ya zama matattarar duk ruwan da ya sauka a kewaye, saiwar ta ruɓe a cikinsa. Gyaran shi ne a yi sama maimakon ƙasa. A sassauta fuskar lakar da fartanya, a cuɗa ta da yashi mai kauri da tsakuwa, sannan a tara tudu ko kunya mai tsayin santimita 25 zuwa 30, faɗinta kuma ya kai mita guda, yashi ya rinjayi laka a cikin haɗin. A zaɓi wurin da rana take dukansa yawancin yini, nesa da bakin indararo da hanyar ruwan wanka. Gindin randa, inda ruwa yake ɗiga dare da rana, wurin na'ana'a ne, kada a kai filasko can. Haka nan inuwar dogon yaro tana sa rassansa su yi tsawo su rame, furen ya ragu. Wanda ba shi da fili sai siminti yana iya amfani da rabin durom mai zurfi da aka huda gindinsa da kyau aka ɗora a kan bulo, amma ƙaramar tukunyar fure ba ta isar saiwar.

Iri ake shukawa, ba a tono shi daga daji. Wanda ya sa fartanya ya ciro babban gindi ya kawo gida ya yi asara biyu, domin ya yanke saiwar da tsiron yake rayuwa da ita, ya kuma raba wurin da abin da yake rufe masa ƙasa. Lokacin tara iri shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da kwanso ya bar kore ya yi duhu ya bushe, ƙwayoyin suna motsi a ciki idan an girgiza. Ya fi kyau a tsinko kaɗan kaɗan daga gindi da yawa maimakon a kwashe na gindi ɗaya, kuma a guji gefen hawasha, wato gonar ban ruwa, da aka yi wa feshi. A ɓare a gida, a zubar da duk ƙwayar da take da ƙaramin rami, domin ƙwaro ya riga ya cinye cikinta, a shanya sauran a inuwa, sannan a zuba a kwalba mai murfi tare da ɗan toka. Irin da aka adana haka yana kaiwa damina mai zuwa lafiya, har ma ya wuce.

Ƙin fitowar iri kuwa ba alamar mutuwarsa ba ce a mafi yawan lokuta. Ƙwayar filasko tana da ɓawo mai tauri wanda ruwa ba ya ratsawa, kuma wannan kariya ce a ƙasar da ruwan farko yakan yaudari manomi. Da duk ƙwayoyin za su tsiro a yayyafin farko na Yuni, da fari na mako biyu ya ƙare da su gaba ɗaya. Saboda haka a daji ɓawon yana lalacewa ne a hankali, ta hanyar zafin rana da sanyin dare da gogar yashi, wasu su fito bana, wasu baɗi, wasu bayan shekaru. Mai shuka a gida yana gajarta wannan jira da hannunsa. Hanya mafi tabbas ita ce a riƙe ƙwayar a goga gefenta a kan sanfefa ko siminti mai kaushi, har sai ɗan wuri ya canza launi ya yi haske, sannan a tsaya. Ana goga gefen da yake nesa da cibiyar ƙwayar, domin ta wajen cibiyar ne saiwa take fitowa. Idan irin yana da yawa, a tafasa ruwa a sauke, a bari ya ɗan huce, a zuba a kansa a bar shi ya kwana. Da safe za a ga wasu sun kumbura sun ninka girmansu sun yi laushi, waɗannan su ne za a shuka a ranar, waɗanda suka tsaya yadda suke kuma a goga su a sake jiƙawa.

Daga nan wata ƙa'ida take fitowa wadda manomin gero zai gane ta nan take. Irin da ba a taɓa ɓawonsa ba ana iya yin binne da shi kafin ruwa, ya zauna ya jira lokacinsa. Amma wanda aka goga ko aka jiƙa an riga an buɗe masa ƙofa, ba shi da sauran kariya, don haka ba a sa shi a ƙasa sai damina ta kankama, wato a watan Yuli a yawancin tsakiyar Sudan, ko kuma idan mutum ya shirya yin ban ruwa da kansa. Zurfin shuka santimita 1 zuwa 2 ya isa. A sa ƙwaya uku a rami ɗaya, a bar tazarar da ta kai santimita 80 zuwa mita guda tsakanin ramuka, ko da wurin zai yi kamar fanko a farko. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za su fito idan ƙasa tana da ɗumi da laima. Idan sun yi ganye na gaskiya sai a bar mafi ƙarfi, a yanke sauran daga wuya da almakashi maimakon a tumɓuke su, don kada a girgiza saiwar wanda aka bari. Wanda ya fi son reno a leda ya nemi doguwar leda, kuma ya dasa tun tsiron yana ƙarami, kafin saiwar ta kai gindin ledar ta naɗe.

Watanni biyu zuwa uku na farko ne kaɗai filasko yake buƙatar a tsaya masa. A wannan lokaci ana cire ciyawar da take kewaye da shi da hannu, domin ciyayin damina sun fi shi saurin tashi kuma suna iya rufe masa rana. Idan ruwa ya yi tsaiko har ƙasa ta bushe zurfin yatsa, a ba shi ruwa mai yawa sau ɗaya, a zuba a gefen tudun ba a kan wuyansa ba, sannan a ƙyale shi har ƙasar ta sake bushewa. Yayyafin kullum yana riƙe saiwa a sama, alhali abin da ake so shi ne ta bi laima zuwa ƙasa. Akwai alamar da take ruɗar mutane ƙwarai, kuma a nan ne yawancin tsiron yake salwanta: idan ruwa ya yi yawa, ganyen ƙasa yana yin rawaya, rassan su yi yaushi ko da safe, mai gida ya ga yaushi ya ce ƙishirwa ce ya ƙara bokiti. Kafin a ƙara ruwa a tura yatsa cikin ƙasa. Idan da laima kuma tsiron yana yaushi, to saiwar ce ta fara ruɓewa, maganin kuwa shi ne a buɗe wa ruwa hanya a daina ban ruwa gaba ɗaya. Yaushin tsakar rana da yake warwarewa da yamma ba abin damuwa ba ne.

Game da taki, kaɗan ya wadatar. Ko da yake dangin wake ne, filasko ba ya cikin waɗanda saiwarsu take yin 'yan ƙulle-ƙullen da suke ƙara wa ƙasa ƙarfi irin na gyaɗa da wake, don haka kada a shuka shi da zaton zai gyara gona. Tafin hannu ɗaya na tsohon takin awaki da ya riga ya ruɓe, a cuɗa shi cikin tudun kafin shuka, ya isa na shekara. Takin zamani irin yuriya yana sa shi ya yi ganye mai yawa da laushi, fure ya ragu, ƙwari su yi sha'awarsa.

Furen yana fitowa ne a jere a kan sanda da take tasowa daga hammatar ganye, na ƙasa su fara buɗewa, na sama su biyo baya, shi ya sa gindi ɗaya yakan ɗauki makonni yana fure. Yawanci damina da kaka ne lokacinsa, amma inda ƙasa take da ɗan laima yana iya ci gaba har cikin sanyi. Wanda ya durƙusa ya duba fure ɗaya da hantsi zai ga kunnuwa biyar rawaya masu siraran jijiyoyi, a tsakiya kuma zare goma da ba su daidaita ba, wasu dogaye masu lanƙwasa, wasu gajeru, wasu kuma ƙanana da ba su ɗauke da komai. Furen ba ya ba da ruwan zaƙi, garin haihuwarsa kaɗai yake bayarwa, kuma garin yana kulle cikin jaka mai ƙaramin rami a kai, ba ya zubowa sai an girgiza shi da ƙarfi. Babban ƙudan zuman nan baƙi mai huda itacen rufi shi ne gwanin wannan aiki: yana kama furen da ƙafafunsa, ya kaɗa jikinsa har a ji ƙarar ta canza, garin ya feso masa a ciki, ya ɗauka zuwa wani fure. Ƙudan zuman amya ba ya iya wannan girgiza. Ma'anar haka ita ce gidan da ake yawan feshin maganin ƙwari zai iya samun fure amma kwanso ya yi ƙaranci.

Haka kuma za a ga wani malam-buɗe-littafi fari mai sirkin rawaya yana sauka a kan ganyen, wanda masana suke kira Catopsilia florella, kuma a kan dangin filasko yake saka ƙwansa. Tsutsarsa koriya ce, tana cin ganye, wani lokaci har ta tsiraita reshe guda. Babban gindi yana mayar da ganyensa ba tare da taimako ba, kuma ni ina ganin wannan ɗan ɓarna bai kai a ɗauko famfon feshi ba, domin zuwan waɗannan halittu yana cikin ribar shuka tsiron ƙasa. Ɗan tsiron da bai yi ƙarfi ba ne kaɗai ake tsince wa tsutsa da hannu da sassafe. Abokin gaba na gaske shi ne gara, wadda take bin busasshen itacen gindi da rani, musamman idan an tara kara ko busasshen ganye a jikinsa. Don haka tsakuwa ta fi dacewa da rufe ƙasar da take kewaye da wuyansa.

Idan rani ya shigo kuma rassan suka bushe, kada a yi gaggawar tumɓukewa. A kankare ɓawon gindin da farce, idan an ga kore a ciki to yana da rai. A yanke busassun rassan a bar kimanin kamu ɗaya daga ƙasa, a share abin da aka yanke, sannan a ƙyale shi. Gindin da ya shekara ba ya buƙatar ban ruwa don ya rayu. Wanda yake son ya ga ɗan kore a Afrilu da Mayu yana iya ba shi ruwa mai zurfi sau ɗaya ko biyu a wata, kuma ya san cewa don idonsa yake yi. Yankan da ake yi kafin damina yana sa gindin ya fitar da rassa masu yawa, shimfiɗar ta yi kauri ta rufe ƙasa, ta rage ƙurar da iska take tayarwa a hoshi.

Tsare yaɗuwarsa aiki ne na 'yan mintuna a kaka. Tunda ta iri yake tsallake iyaka, sai a tsinke kwanso tun yana kore, a bar kaɗan a reshe ɗaya ko biyu don iri, a kuma tsinke waɗannan da zarar sun bushe kafin su karye. 'Ya'yan da suka fito inda ba a so suna fita da sauƙi idan an cire su a watan farko bayan ruwa. Idan aka bari suka shekara sai an haƙa. Wanda gidansa yake jikin hawasha ko bakin magudanar ban ruwa ya fi kowa buƙatar kiyaye wannan, domin haƙƙin maƙwabci ne. Dabbobi kuwa galibi suna wuce shi su ci wani abu, kuma wannan ne ya sa ake ganinsa da yawa a kewayen rijiyoyi da mashaya inda kiwo ya cinye sauran ciyayi. Yawansa a irin wannan wuri shaida ce ta gajiyar ƙasa, ba shi ya jawo ta ba. Akuyar da yunwa ta matsa a ƙarshen rani tana iya cinsa, kuma da yawa yana sa ta zawo ya raunana ta, don haka ba a zuba rassan da aka yanke a gaban dabbar da take ɗaure.

Wanda ya shuka shi ba zai rasa tsinkar ganyen ba, kuma a nan dole a yi magana a fili. Ana tsinka ne daga gindin da ya shekara, ba a ɗaukar fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda, a shanya a inuwa a kan tabarma har ya yi ƙaras yana riƙe da korensa, domin ganyen da ya yi baƙi laima ta taɓa shi. Garinsa da aka kwaɓa da ruwa ana shafa shi a gashi don ya yi laushi da sheƙi, har ana sayar da shi a ƙasashen waje a matsayin lalle mara launi. Shan sa kuwa magani ne mai ƙarfi, ko da yake bai kai sanamakki ba. Sinadarin da yake cikinsa ba ya aiki sai ya isa babban hanji, shi ya sa ake jin tasirinsa bayan awa 6 zuwa 12, kuma wanda ya ƙosa ya ƙara kofi na biyu kafin lokacin yakan kwana da murɗar ciki. Ba a ɗaukarsa shayin kullum ko maganin rage ƙiba, ba a wuce mako guda ana sha, domin yana zubar da ruwa da gishirin jiki kuma hanji yana sabawa da shi. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da ƙaramin yaro, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, da wanda cikinsa yake ciwon da ba a san dalilinsa ba, duk sai sun ji daga likita. Kwalbar busasshen ganyen kuma a rubuta mata suna a ajiye ta nesa da kayan miya, domin bayan an daka shi ido ba ya rabe garin filasko da na tafasa ko kuka.